Garin Jamusawa da babu Jamusawa: wa ya taɓa kwana a tanti a Leavenworth?

Baban Iman:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare muka dawo, har yanzu gajiya ba ta sake ni ba, amma na yi wa Hajiya Babba alkawarin zan ba da labari, alkawari kuwa kaya ne. Ni da mai ɗakina da yara uku muka yi kwana uku a tanti a kwarin Icicle, bayan garin Leavenworth, nan jihar Washinton.

Bayan an sauko Juma'a muka tashi daga Seattle, muka bi babbar hanya mai lamba 2. Tafiyar kusan mil 120 ce, awa biyu da rabi idan hanya ta yi kyau. Sai ka haura Stevens Pass, tudun da ya kai mita 1,238, sannan ka fara gangara. Abin mamaki, da ka tsallaka duwatsun nan kamar ka shiga wata ƙasa. Can ɓangarenmu hadari da danshi, nan kuwa rana tarwai, iska busasshiya kamar ta Katsina a watan Maris. Kana fitowa daga kwazazzabon Tumwater, inda kogin Wenatchee ke ta tumfaya a gefen titi, sai ga gari gabanka: gidaje masu rufi mai tsini, baranda ta katako, furanni na reto a kowace taga, bango duk zane, sunayen shaguna da irin rubutun Jamusawa na dā mai ƙahonni. Iman ta ce, "Baba, mun fita daga Amurka ne?"

Ba gidajen abinci kaɗai ba. Gidan mai, banki, babban kanti, har McDonald's da Starbucks duk an sa musu rigar Bavariya, wato yankin kudancin Jamus, domin dokar gini ta garin ce ta tilasta haka.

Ra'ayina a taƙaice, kuma na san za a yi mini ca: garin na awa uku ne, dajin kuwa na kwana uku. Wanda ya kama otal a tsakiyar gari ya biya kuɗi mai yawa ya sayi cunkoso. Wanda ya kafa tanti a bakin rafi, shi ya ci riba.

Kawu na Jamus:
Wa alaikumus salam. Sannu da hanya ɗana. Na ga hotunan da ka sa. Shekarata goma sha tara a Bavariya ta gaskiya, ka bar ni in faɗa maka: wannan jabu ne. Kwaikwayo ne irin na 'yan wasan daɓe. Ka zo Mittenwald ko Oberammergau ka ga zanen bango da aka yi tun kakannin kakanni, ka tsaya a Garmisch ka ɗaga kai ka ga Zugspitze, mita 2,962. Can naku an ɗauki garin katako na Amurkawa an shafa masa hoda. Kama da wane ba ta wane.

Maman Iman:
Kawu ina wuni. Kafin ku yi nisa, a tambaye shi labarin gawayi. Ya tsallake shi da gangan.

Baban Iman:
To, tunda an tona. Tun ranar Alhamis na yanka nama, na tsoma shi a ƙuli da yaji, na soke a tsinke, na sayi buhun gawayi. Niyyata in gasa tsire a bakin rafi yara su san ubansu ɗan Kano ne. Muna isa sai ga sanarwa a ƙofar zangon: an hana kunna wutar itace da ta gawayi saboda gobarar daji. Risho mai gas kaɗai aka yarda da shi. Laifina ne, ban duba ba kafin mu taso, kuma ashe kusan kowace bazara sai an sa wannan doka idan ciyawa ta bushe. Haka muka zare naman daga tsinke aka soya a kasko. Gawayin ya yi yawon buɗe ido ya dawo gida lafiya.

Auta:
Yaya, Allah ya ba ka haƙuri, amma na yi dariya har da hawaye. Tsiren kasko!

Injiniya:
Kawu, ranka ya daɗe, ina da ja a kan kalmar jabu. Jabu shi ne abin da aka yi don a yaudare ka. Mutanen Leavenworth ba su taɓa cewa kakanninsu daga Munich suka zo ba. Su da kansu suke ba da labarin yadda aka yi, kuma labarin ya fi zanen bangon daɗi.

Garin jirgin ƙasa ne da katako. Layin dogo na kamfanin Great Northern ya ratso wurin a farkon shekarun 1890, aka kafa babban injin yanka katako, garin ya samu rajista a 1906. Sai a shekarun 1920 komai ya juya masa baya: kamfanin jirgi ya kwashe ma'aikatarsa ya mayar Wenatchee, injin katako ya rufe, aka kuma karkatar da layin dogon ya daina bi ta cikin gari. Shekara talatin da wani abu garin yana mutuwar tsaye, shaguna a rufe, matasa na guduwa. A 1962 suka kafa kwamitin ceto garin, suka nemi shawarar masana daga Jami'ar Washinton. Wasu mutum biyu, Ted Price da Bob Rodgers, waɗanda suka sayi wani ɗan gidan abinci a kan hanyar nan mai lamba 2 a 1960 suka yi masa ado irin na tsaunukan Turai, su suka matsa a kan a mayar da garin duka haka. Rodgers ya yi zaman soja a Bavariya, ya ga duwatsun nan sun yi kama da na can. Sun kuma ga yadda Solvang ta Kalifoniya ke cin abinci da kamannin Denmak. Daga tsakiyar shekarun 1960 masu shaguna suka fara sāke fuskar gine-ginensu, da yawa da bashi a wuyansu. Tsohon otal ɗin Chikamin ya koma Edelweiss.

Yau mazauna garin ba su wuce dubu biyu da 'yan ɗari ba, amma ka je ranar Asabar ka nemi wurin ajiye mota. Ni abin da na gani, mutane ne da jirgi ya gudu ya bar su, suka ƙi mutuwa.

Kawu na Jamus:
Injiniya, ban ce ba su da dabara ba. Mai sayar da zoben tagulla da sunan zinariya ma yana da dabara. Abin da ke ci mini rai, Ba'amurke zai je can ya sha giya a ƙaton kofi, ya ga wani da gajeren wandon fata yana matsa akodiyan, ya koma gida yana cewa ya san Jamus. Jamusawan kansu, mutumin Hambug ko Balin, haushi yake ji idan aka ce Jamus ita ce wandon fata. Bikin Oktoberfest da suke kwaikwaya, a Munich aka fara shi a 1810, bikin auren yarima Ludwig ne, yana da asali da dalili. Su nasu dalilin mene ne in ban da aljihun baƙo?

Injiniya:
Aljihun baƙon shi ne dalilin, Kawu, kuma ba su ɓoye ba. Na Munich ɗin ma yau don Allah ake yin sa?

Kawu na Jamus:
Yaro man kaza.

Hajiya Babba:
Ku dakata haka nan. Kai Injiniya, Kawu ba sa'anka ba ne, a bi a hankali. Ni ba tarihi ya kawo ni ba. Jikokina ke damuna sai mun je watan gobe. Maman Iman, 'yata, ke zan tambaya domin maza ba sa lura da abin da ya kamata: me za a ci, kuma ina ake kewayawa?

Maman Iman:
Hajiya barka da yamma, ya jikoki? Gaskiyar magana, ku tafi da abincinku. Abincin garin rabinsa tsiran alade ne, ɗaya rabin kuma giya. Ko abin da aka ce na kaza ne ko na ganye, sau da yawa a kan ƙarfe ɗaya ake gasa su. A wani gidan abinci na tambayi yarinyar da ke kawo abinci ko da man alade a miyar kabejinsu, ta shiga ciki ta tambayo, ta dawo ta ce akwai. Na gode mata da ba ta rufe ni ba. Abin da muka ci a gari: murɗaɗɗen burodin nan mai gishiri da suke kira pretzel, kifi, soyayyen dankali, da askirim. Shi ma pretzel ɗin ku kula da abin dangwalawa, akwai cukun da ake dama shi da giya.

Ni na yi dambun nama da yawa, na soya miyar tumatir na daskarar da ita ta zama ƙanƙarar kula da kanta, na ɗauki shinkafa, taliya, garin kwaki, ƙwai da kayan shayi. Ya ishe mu har muka ba maƙwabtan tanti. Ku kuma tsaya a rumfunan manoma da ke bakin hanya wajen Peshastin da Cashmere. Yankin gonakin tuffa da fiya ne, mu mun tarar da ceri, yara suka ci har bakinsu ya rine.

Bayan gida kuwa, masai ne irin na rami, a tsaftace, amma babu ruwa a ciki. Buta biyu, Hajiya, kada ki yarda da ɗaya. Akwai ruwan sha a zangon da muka sauka, amma wurin wanka babu. Idan wannan zai dame ki, gwamma zangon tafkin Wenatchee, na gwamnatin jiha, can akwai banɗaki na zamani da shawa.

Sai sanyi. Da rana ma'aunin zafin motarmu ya nuna digiri 35 na Salshiyas, da asuba kuwa haƙora na haɗuwa. Wanda ya ce bargo ɗaya ya isa, ya san kansa.

Baban Iman:
Na ji. Na karɓa.

Malam Ƙarami:
Salamu alaikum. Tunda an zo kan buta, bari in sa baki. Tafiyar ta wuce mil 48, wato burudi huɗu da malamanmu na Malikiyya suka ƙayyade, saboda haka akwai ƙasaru matuƙar ba a yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba. Baban Iman da ya yi uku, ƙasaru ce tasa. Hajiya, idan kun ƙudurta mako guda, da kun isa sai ku cika.

Abu na biyu, alƙibla. Mun saba a gida mu fuskanci gabas, to a wannan yanki alƙibla tana wajen arewa ne, ta ɗan karkata gabas kaɗan. Na taɓa ganin bawan Allah ya shimfiɗa darduma yana kallon fitowar rana da yaƙininsa. A duba tun ana gari, domin cikin kwarin waya ba ta kamawa. Lokutan salla ma a rubuta a takarda. A watan Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen tara saura, alfijir kuma kafin ƙarfe huɗu ya keto. Kuma dutse yana ɓoye rana tun da sauran lokaci, kada a ga inuwa ta rufe zango a ɗauka magariba ta yi.

Baban Iman:
Allah ya saka da alheri Malam. Sallar asuba a wurin nan ita ce abin da ba zan manta ba. Ruwan rafin daga dusar ƙanƙarar kan duwatsu yake narkowa, na yi alwala da shi sai da na ji har ƙwaƙwalwa. Babu ƙarar komai sai ruwa. Taurari kuwa, rabona da ganinsu haka tun ina yaro ana shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida a ƙauyen kakata.

Auta:
Yauwa, yanzu aka zo wurina. Duk wanda ya je Leavenworth bai hau zuwa tafkin Colchuck ba, hoton gari kawai ya gani. Daga hanyar Icicle ɗin ake ratsewa. Tafiya da dawowa kusan kilomita 13, hawan kuma wajen mita 700, ƙarshensa duk duwatsu da saiwoyi. Amma idan ka ɓullo ka ga ruwan nan shuɗi-kore, ga dutsen Dragontail a tsaye a kansa kamar bango, sai ka manta da gwiwarka. Nan ne ƙofar yankin da suke kira Enchantments. Zuwa ka dawo a yini ɗaya ba wuya, takarda kake cikewa a bakin hanya, motarka kuma ta kasance da izinin ajiyewa na hukumar daji. Kwana a can sama ne sai an yi ƙuri'a tun watan Fabrairu. Sau uku ina shiga, ko sau ɗaya sunana bai fito ba.

Ku isa kafin shida na safe, in ba haka ba wurin ajiye mota ya cika. Kuma akwai awakin dutse, farare masu gemu. Gishiri suke nema, har bin mutum suke idan ya tsuguna fitsari, shi ya sa ake cewa a yi a kan dutse kada su tone ƙasa.

Hajiya Babba:
Auta, da wace gwiwar zan hau? Akuya kuma ta bi ni bayan gida? Allah ya kiyaye. Ku ba ni abin da tsohuwa za ta iya.

Maman Iman:
Akwai, Hajiya. Gangaren gari kaɗan akwai lambun bakin kogi, da gada zuwa wani ɗan tsibiri, Blackbird. Hanya shimfiɗaɗɗiya, inuwa ko'ina, ga benci. Akwai gidan ajiye 'yan tsanan katakon nan masu fasa ƙwaya da baki, dubbai ne a ciki, jikoki za su so shi. Akwai kuma gidan ƙyanƙyasar kifin salmon a hanyar Icicle, yara sun ga ƙananan kifi ba iyaka.

Abu ɗaya zan roƙa: kogin. Za ku ga mutane zaune a kan tif ɗin taya ruwa na tafiya da su, kamar wasa. Ruwan yana da sanyi da ƙarfi fiye da yadda ido ke gani. Kada yaro ya shiga babu rigar da ke hana nutsewa. Da dare kuma komai na ci a kulle a mota, har man goge baki, saboda beyar na yawo. Mu ba mu gan ta ba, sai ɓerayen daji da suka huda mana ledar burodi.

Injiniya:
Gidan kifin nan da Maman Iman ta ambata yana da nasa labarin, kuma yana taɓa gardamarmu da Kawu. An gina shi wajen 1940 saboda madatsar ruwa ta Grand Coulee ta tare wa salmon hanyar hawa kogin Kolumbiya. Tun kafin jirgi, tun kafin katako, mahaɗar Icicle da Wenatchee wurin kamun kifi ne na mutanen Wenatchi, 'yan asalin wurin. A yarjejeniyar 1855 gwamnatin Amurka ta yi musu alkawarin keɓe musu wannan wuri, ba ta cika ba, akasarinsu aka ƙare da su a yankin Colville. To idan ana neman abin da aka shafa wa hoda, ba garin katako kaɗai ba ne. Baƙo zai yi kwana uku ya koyi kalmomin Jamusanci biyar, ya tafi bai ji sunan masu wurin ba.

Kawu na Jamus:
To ka ga yanzu ka yi magana. Nan na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Da sun ɗauki tarihin da ke ƙarƙashin ƙafarsu sun gina garin a kai, da ban ce uffan ba. Suka tsallake teku suka aro na wasu.

Injiniya:
Da sun yi hakan, Kawu, a 1965, kana jin mutanen Seattle za su tuƙo mota awa biyu da rabi su zo? Ba ina kare su ba ne, tambaya nake.

Kawu na Jamus:
Ba za su zo ba. Wannan kuma laifin masu zuwan ne, irin su Baban Iman.

Baban Iman:
Ikon Allah. Ni da na kwana a daji na ci tsiren kasko, ni ne kuma mai laifi.

Ɗan Nguru:
Ina gaida manya. Ni ina gida, ban taɓa taka Amurka ba, karatu kawai nake ina jin daɗi. Amma maganar Injiniya ta garin da jirgi ya gudu ya bari ta sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi. Mu nan ƙarshen layin dogo ne, iyayenmu suna ba mu labarin lokacin da ake lodin gyaɗa da fatu da ƙaro a tasha. Da za a ce mu sa wa Nguru rigar wata ƙasa baƙi su zo da kuɗi, wallahi ban san me zan ce ba. Zuciya ta ce a'a, aljihu ya ce a gwada.

Hajiya Babba:
Ɗana, ku da kuke da dausayi da tsuntsayen da ke tasowa tun daga Turai su sauka a wurinku, rigar wa za ku ara? Allah dai ya kawo zaman lafiya da masu kishi.

Baban Iman, koma kan magana. Yaya ake kama wurin tanti?

Baban Iman:
Amin Hajiya. Zangunan kwarin Icicle na hukumar daji ta tarayya ne, suna jere a kan hanya ɗaya: Eightmile, Bridge Creek, Johnny Creek, har can ciki Rock Island. Wasu ana kama su ta intanet a Recreation.gov, ana buɗewa tun wata shida kafin ranar, kuma na ƙarshen mako a bazara kafin ka ƙifta ido sun ƙare. Wasu kuma wanda ya riga zuwa shi ke da wuri. Tunda watan gobe ne, shawarata ku je tsakiyar mako, Talata zuwa Alhamis. Garin ma ya fi daɗi a lokacin. Mu ranar Asabar muka shiga, na yi ta zagaye da mota kamar ɗan tasi kafin na samu gurbi, shi ma na kuɗi.

Ku kuma duba labarin hayaƙi kafin ku taso. Watan Agusta lokacin gobarar daji ne, wani sa'in wutar tana nesa amma hayaƙin ya cika kwarin, mai asma ba zai iya ba. Idan hawan Stevens Pass zai sa ki jiri, akwai jirgin ƙasa na Amtrak daga Seattle da ke tsayawa a 'yar tashar da aka buɗe a gefen garin a 2009. Sai dai sau ɗaya yake wucewa a rana, da dare yake isa, kuma tanti da kula da buta biyu a jirgi aiki ne.

Injiniya:
Ka ga abin, jirgin da ya tafi ya bar su, sai da suka sa wandon fata ya dawo.

Kawu na Jamus:
Hajiya, ki rabu da su. Ki tara kuɗin tantin ki kawo jikoki nan, ɗaki na nan a buɗe. Mu hau jirgi daga Munich, awa ɗaya da rabi muna Garmisch. Halal kuwa kowane lungu akwai Baturke mai nama.

Hajiya Babba:
Kawu, kuɗin tanti ba zai kai mu ko filin jirgi ba, mu bakwai ne. Baban Iman, tantinka na mutum nawa ne? Kuma gawayin nan, kada ka zubar, a ajiye mini na Babbar Salla.

Maman Iman:
An rubuta na mutum shida, Hajiya, amma masu rubutun ba su san katifarki ba. Ki turo Auta ya ɗauka ranar Lahadi, sandarsa ɗaya ta lanƙwashe, sai ya gyara kafin ku tafi.

Auta:
Ni kuma? Ni fa tafkin kawai na ce a hau.